Wa Zai Shaidi Mai Amsa Tambaya?

Ni mutumin Damri ne, a ƙaramar hukumar Bakura, kuma aikin gona na karanta. Abin da ake ba ni albashi a kansa shi ne koyarwa a wata babbar makaranta, amma aikin da ya fi cin darena a 'yan shekarun nan ba wanda ya ɗauke ni shi, ba kuma mai biyana. Amsa tambayoyin manoma ne a waya. Bayan sallar isha'i in na buɗe WhatsApp sai in tarar hotunan ganyaye da saƙonnin murya sun yi layi suna jirana. Wannan shinkafarsa ta yi ja, wancan albasarsa na ruɓewa daga gindi, wani kuma ya ɗauko hoton kwalbar magani yana tambayar murfi nawa ake zubawa a injin feshi. In yi ta bin su ɗaya bayan ɗaya har barci ya fi ƙarfina.

Abin ya faro ne a 2016, shekarar da manoman Arewa ba za su manta da ita ba. A shekarar ne tsutsar tumatur da ake kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina har kwandon tumatur ya gagari talaka, a shekarar ne kuma aka fara ganin baƙuwar tsutsar masarar nan da ta ƙetaro daga nahiyar Amurka. Wani ɗan'uwana daga gida ya turo mini hoton masararsa, ganyen duk ya huhhuje, ga kashin tsutsa cike da tsakiyar tsiron. Ya ce ya yi feshi bai ga canji ba. Na ce masa tsutsar a can cikin tsiron take ɓuya, ya daina watsa maganin a saman ganye da rana tsaka, ya bari sai da sassafe ko da yamma lis, ya saita bakin injin cikin tsakiyar kowace masara. Allah Ya sa aka dace. Shi ke nan, lambata ta shiga hannu. Kafin wani lokaci an buɗe zaure a WhatsApp, an zuba manoma daga Bakura da Mafara da Maradun, an ce ga malami.

A zamanin iyayenmu wannan aiki yana da mai shi, da albashinsa da babur ɗinsa. Tun da aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Gusau a tsakiyar shekarun 1970, tare da na Funtuwa da na Gombe, da tallafin Bankin Duniya, malamin gona ya zama mutumin da ake gani a ƙauye. Ya tsuguna a bakin kunya, ya tsinki ganye ya juya bayansa, ya faɗi abin da ya gani. Da aka gama madatsar Bakolori a 1978, ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun ta samu noman rani, ga shinkafa ga alkama ga kayan lambu, bukatar mai ba da shawara ta ƙaru. Sai dai malaman gonar sun tsufa sun yi ritaya, ba a maye gurbinsu yadda ya kamata ba, waɗanda suka rage kuma hanya ta gagare su. Wanda ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa Damri da ƙauyukan da ke kusa da ita a watan Mayu na 2022 ba zai tambayi abin da ya hana ma'aikaci hawa babur ya shiga daji duba gona ba. Ni kaina nakan daɗe ban leƙa gida ba. Waya ce ta gaji babur ɗin, ba don ta fi shi ba.

Bari in nuna yadda aikin yake, don mutane da yawa suna ɗauka hira ce kawai. Wani dare da rani wani dattijo ya sa ɗansa ya ɗauki hoton tumatur ɗinsa, shi kuma ya biyo da murya: "Malam, barka da dare. Don Allah duba man wanga tumatur. Ganyen duk ya nannaɗe, ban san abin da yas same shi ba." Kafin in kai kansa, mutum uku sun riga ni. Ɗaya ya ce sharon ce. Ɗaya ya ce ciwon nan ne da farin ƙuda ke yaɗawa. Na ukun, mai shagon maganin gona ne, ya faɗi sunan wani magani da kuɗinsa, ya ce a zo ranar Talata a same shi a kasuwa.

Na buɗa hoton na ƙura masa ido. Babu hujin tsutsa, babu zanen da sharon ke bari a cikin ganye. Sababbin ganyen ne suka sirance suka murɗe, kan tsiron ya karkace, tsofaffin kuma lafiyarsu lau.

Na ce, "Baba, yaushe rabonka da feshi?"

Ya ce satin da ya wuce, maganin ƙwari ya sa.

"Injin naka ne?"

Sai da aka jima sannan amsa ta zo. "A'a, nawa ya lalace. Na maƙwabcina na ara."

"Shi me yake nomawa?"

"Shinkafa."

Nan magana ta ƙare. Masu shinkafa suna amfani da maganin ciyawa mai ɗauke da 2,4-D, wanda ke kashe ciyawa mai faɗin ganye ya bar shinkafa. Tumatur kuwa mai faɗin ganye ne, kuma ba ya jure wannan magani ko kaɗan. Ragowar da ta maƙale a tanki da tiyon injin da ba a wanke sosai ba ta isa ta murɗe shi. Na ce wa dattijon kada ya sayi komai. Ya ci gaba da ba shi ruwa a kan lokaci, ya zuba ido, in abin da ya taɓa shi bai yi yawa ba sabon tofo zai fito daidai, sannan daga yau ya raba injin maganin ciyawa da na maganin ƙwari. Bayan kwanaki ya turo murya cike da addu'a, har da iyayena.

Ilimin da ke cikin wannan amsa yana cikin tambayoyi ukun da na yi masa ne, kuma kowace ɗaya ta fito daga shekarun da na yi a aji da gonar gwaji. Likita ma haka yake yi da mara lafiya. Amma in ka nemi shaidar cewa an yi wannan aiki, ba ka samun komai sai muryoyi a wayar mutum biyu.

Da lokacin neman ƙarin girma ya zo, na cike fom. Duk wanda ya yi aiki a jami'a ko kwaleji ya san cewa abu uku ake faɗa: koyarwa, bincike, da hidimar al'umma. Ya kuma san cewa na biyun ne ke da nauyi a ma'auni. A gurbin hidimar al'umma mutane sukan rubuta cewa suna kwamitin masallacin ma'aikata, ko kwamitin wasanni, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, a ba su ɗan makin da aka ware, ba mai tambayar ko sun taɓa halartar taro. Ni kuma na rubuta cewa ina amsa tambayoyin manoman yankin Bakolori ta waya, da Hausa, kyauta, tun 2016.

Shugaban kwamitin ya sa biro a kan layin. "Malam, wannan fa?"

"Ranka ya daɗe, aikin malamin gona ne, sai dai ta waya."

Wani daga gefe ya yi dariya ya ce in haka ne shi ma a ba shi maki, don ya fi kowa yawan zaurukan WhatsApp. Shugaban bai yi dariya ba. Ya ce, "Ban ce ba aiki ba ne. Wa ya duba amsoshin? In ka gaya wa mutum abin da ba daidai ba, gonarsa ta ƙone, wa zai sani? Me zan riƙe a hannuna in ce na gani?"

Aka tsallake layin. Ƙarin girman na same shi, da maƙaloli. Ɗaya daga cikinsu a kan yawan takin yuriya ne da lokacin zuba shi ga shinkafa. Ba na raina ta, aikin gaskiya ne, na sha rana a kansa. Amma da Turanci take, a mujallar da sai da na biya kuɗi aka buga, kuma ban san manomi ko ɗaya a ƙasar Bakura da ya san da zamanta ba. Abin da ke cikinta, in ya isa gona, ta bakina ya isa, a saƙon murya, wato ta hanyar da aka tsallake.

Dariyar mutumin gefe ta daɗe ba ta bar ni ba, amma tambayar shugaban ce na riƙe, domin tambayar malami ce. Abin da kawai zan ƙara a kanta shi ne a riƙa yi wa mujallu ita su ma. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar bogi a kan wani maganin ciwon daji, ya cika ta da kurakuran da duk mai duba na gaskiya zai gane, ya sa mata sunayen marubuta na ƙarya masu kama da na Afirka, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Mujallar Science ce ta buga labarin. Mu da ke cikin harkar ba mu bukaci Bohannon ya gaya mana ba. Mun san mujallun da ake tura wa maƙala ranar Litinin, a tura kuɗi ranar Laraba, takardar karɓa ta iso kafin Juma'a. Mun san "sa sunana in sa naka". Waɗannan duk suna cin maki, saboda suna da bango da lambar shafi, abin da za a riƙe a hannu.

Na kai kukana wurin kawuna, malamin zaure ne a Mafara, ya fi shekara saba'in. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai ɗana, ai fiƙihun da muke bi ma tambaya da amsa ne. 'Yan boko ne ba ku sani ba." Ya tuna mini asalin Mudawwana, ɗaya daga cikin iyayen littattafan Malikiyya. Asad ɗan Furat ne ya je Masar ya yi ta jera wa Ibnul Ƙasim tambayoyi, almajirin da ya daɗe a gaban Imamu Malik, yana rubuta amsoshin. Daga baya Sahnun na Ƙairawan ya ɗauki rubutun ya koma wurin Ibnul Ƙasim suka sake bin sa, aka gyara na gyarawa. Ya kuma tuna mini Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa, sannan ya wuce Gawo inda Askiya Muhammadu, wanda ya hau mulkin Songhai a 1493, ya yi masa tambayoyi a kan mulki da shari'a. Amsoshin nan aka yi ta kwafa ɗaruruwan shekaru, har Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa hujja da su a rubuce-rubucensa. Abin da kawu bai sani ba, ni na ƙara masa, shi ne wani Bature, John Hunwick, ya tattara amsoshin ya fassara su ya buga littafi a 1985, kuma littafin yana cikin abin da ya ɗaga sunansa a jami'o'in duniya. Kawu ya yi murmushi ya ce to ka gani, mai fassara amsa ya ci maki.

Ashe amsa tambaya ba ƙaramin reshe ba ne a ilimi, a wurinmu ma ita ce gindin. Mu da muka tashi da sauraren Amsoshin Takardunku a sashen Hausa na BBC mun san haka tun muna yara. Amma da na zauna na duba misalan kawu, sai na ga duk suna da abin da nawa ba su da shi. An rubuta su. An san mai tambaya, an san mai amsa, an san wurin wa ya yi karatu. An sake bin su a gaban wanda ya fi sani. Malamanmu ba su taɓa ƙirga wa mutum yawan fatawarsa su ce ya zama malami ba. Wani malami ne da aka yarda da shi ke zaunar da shi, ya saurare shi, ya ba shi ijaza, ya sa sunansa a kan nasa. Tambayar shugaban kwamiti da tsarin ijaza abu ɗaya suke nema.

Abin da ya ƙarasa nuna mini raunin aikin namu shi ne watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin mako. Daidai lokacin da shinkafar damina ke fitar da kai. Zaure ya yi tsit na tsawon makonni. Mutum ya ga farin kai a gonarsa, alamar tsutsa ta cinye cikin kara, ba wanda zai tambaya. Da aka dawo da sabis, wasu sun sayar da wayoyinsu, wasu sun yi hijira, wasu sun canza layi, tsofaffin saƙonni da yawa sun bi ruwa. Kuma ba matsalar ƙauye ce kaɗai ba. A watan Mayun shekarar kamfanin Yahoo ya rufe dandalinsa na tambaya da amsa bayan ya haura shekara goma sha biyar, ya tafi da abin da mutane suka rubuta. Wanda ya gina sunansa a filin wani, ranar da mai filin ya so zai tashe shi.

Tun daga lokacin na sayi babban littafin rubutu, irin na 'yan kasuwa. Duk tambayar da ke da nauyi nakan rubuta ranar, da garin mai tambaya, da abin da ya shuka, da abin da na gani, da abin da na ce, in bar fili a ƙasa don abin da ya biyo baya. Filin nan na ƙasa shi ne ya fi wahalar cikewa, domin manomi in gonarsa ta warke ba kullum yake dawowa ya faɗa ba, in ta lalace kuma kunya ko fushi kan hana shi. Dole ni in bi shi da tambaya. A cikin wannan bibiya ne na gano abubuwan da ban karanta a littafi ba: irin magungunan da suka daina cin tsutsa a wani yanki, da yadda "murfi ɗaya" ke bambanta daga kwalba zuwa kwalba har wani ya ninka ƙa'ida bai sani ba. Binciken da nake yi yanzu daga cikin littafin nan ya fito.

Da duk wannan, in aka ce gobe za a fara ba da maki a kan yawan amsoshin da malami ya bayar a intanet, ni ne zan fara cewa a dakata. Na san mutanenmu, na kuma san kaina. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ranar da aka ce amsa ɗari maki biyar ce, ranar za a ga zauruka sun tsiro a kowane sashe, malami ya sa ɗalibansa su yi masa tambaya ya amsa, a ɗauki hoton allon waya a cika fayil. Ƙirga amsoshi kamar awon hatsi ne da ƙaiƙayinsa. A zaurenmu wanda ya fi kowa yawan amsa shi ne mai shagon maganin nan, kuma kowace amsarsa sunan kwalba ce. Shi ya fi saurin amsawa, shi ya fi samun godiya nan take, domin mai gona a cikin tashin hankali magani yake son ji, ba "jira mu gani" ba. Yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira. ChatGPT ta fito a ƙarshen Nuwamban 2022, ba a yi mako guda ba dandalin Stack Overflow, inda masu rubuta manhajar kwamfuta ke taimakon juna tun 2008, ya hana saka amsoshinta, saboda suna zuwa da yawa, da kyan tsari, kuma da yawansu ba daidai ba ne. Nan ma fa dandali ne da ke da tsarin ƙuri'a da maki, inda masana ke duba na juna.

Akwai kuma amsar da babu ma'aunin ƙirga da zai ba ta daraja, alhali ita ce ke raba malami da mai surutu. An ruwaito cewa an taɓa yi wa Imamu Malik tambayoyi masu yawa a zama ɗaya, ya ce bai sani ba a mafi yawansu, kuma hakan bai rage shi da komai ba a idon almajiransa. A hoto ba komai ake gani ba. Jan ganyen shinkafa zai iya zama yunwar taki, zai iya zama ruwa ya kwanta, zai iya zama cuta. Sau da yawa abin da ya dace in ce shi ne hoton bai ishe ni ba, a tumɓuko tsiro ɗaya da saiwarsa a kai wa wane. A gaban mutum ɗari biyu ba abu ne mai daɗin faɗa ba, musamman in mai shago ya riga ya faɗi sunan kwalba.

To me nake so? Ina so a daina dariya, a kuma daina tsallakewa, amma a auna abin da hanyar da ta dace da shi. Wasu sun riga sun fara. Asibitin Mayo na Amurka ya sa ayyukan ilimi na kafafen sada zumunta cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girman malamansa tun 2016. Jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko ta fara ba ɗaliban likitanci maki a 2013 a kan gyara maƙalolin lafiya na Wikipedia, ƙarƙashin kulawar malami. Labarin da ya fi burge ni kuwa na masu lissafi ne. A 2011 wani da bai bayyana sunansa ba ya amsa wata tambaya a dandalin 4chan, a kan mafi gajeriyar hanyar kallon wani fim ɗin zane na Japan mai kashi 14 ta kowane jeri da zai yiwu. Ashe amsarsa ta warware wani ɓangare na matsalar da ta daɗe tana ba masana wahala. A 2018 Robin Houston da Jay Pantone da Vince Vatter suka bi hujjar tasa suka tabbatar da ita, suka rubuta ta a tsare, suka sa wannan mutum marar suna a matsayin marubuci na farko. Ba su duba inda aka faɗi maganar ba. Sun duba ko daidai ce, da suka ga daidai ce suka ba mai ita haƙƙinsa.

A wurinmu abin ba ya bukatar sabuwar doka daga Abuja. Mai neman a san da aikinsa ya zaɓo amsoshi goma da ya fi yarda da su, ya rubuta su, da abin da ya biyo bayansu. A ba wani masani daga wata makaranta, ko daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ya duba su kamar yadda ake duba maƙala. Kuma lalle ya zama mai jin Hausa, don amsar da ta yi daidai a kimiyya amma manomi bai gane ta ba ba ta yi aikinta ba. A nemi shaida daga waɗanda aka yi wa aikin, shugabannin ƙungiyoyin manoma da na masu amfani da ruwan Bakolori, ba takardar yabo irin ta biki ba, a'a, a kira su a tambaye su. Sannan a ajiye shi a gurbinsa na hidimar al'umma da makin da ya dace. Ba na neman ya maye gurbin bincike. Amsa tambaya raba ilimin da ake da shi ne, bincike kuma nemo wanda babu, kuma malamin da ya bar na biyun ba da daɗewa ba zai koma maimaita abin da ya karanta shekara ashirin da suka wuce.

Kawu bai yarda da ni gaba ɗaya ba. Ya ce, "Ɗana, ka yi hattara kada ka sayar da lada da maki. Addu'ar tsohon nan mai tumatur ta fi maka kujerar farfesa." Ban yi masa musu ba, ba a musu da kawu. Amma ni ina da albashi, zan iya cewa na bar wa Allah. Akwai waɗanda ba su da komai sai wannan aikin: yaran da suka gama karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau ko Jami'ar Tarayya ta Gusau ko ta Ɗanfodiyo, suna zaune gida ba aiki, suna taimakon mutane ta waya da abin da suka karanta. Duk tallar aiki tana neman gogewar shekara biyu ko uku. Wannan ita ce gogewar tasu, ba su da wata. A ce musu su ɓoye ta don tsoron riya, sannan a ce ba su da gogewa, ba adalci ba ne. Malamin makarantar allo ma ana kai masa kuɗin Laraba, ba wanda ya ce ladansa ya zube.

Kwanan baya wata tsohuwar ɗalibata daga ƙasar Maradun ta zo ofis da takardar neman aiki a wata ƙungiya mai tallafa wa mata masu kiwo. Kiwon dabbobi ta karanta, kuma tun da ta gama take amsa tambayoyin matan aure a kan kaji da awaki: lokacin rigakafi kafin hunturu, yadda ake ware wadda ta kamu, abin da ake yi in akuya ta kumbura. Ta ce, "Malam, in sa wannan a CV ɗina ko za su raina ni?"

Na ce ta nuna mini yadda ta rubuta. Ta sa kanta a matsayin shahararriyar mai faɗakarwa a kafafen sada zumunta, ta kawo yawan mabiyanta. Muka soke duka. Muka rubuta abin da take yi a jimla biyu: tana ba mata masu kiwon kaji da awaki shawara da Hausa ta waya, a garuruwa kaza, tun shekara kaza. Muka sa mutum biyu da za a iya kira, likitan dabbobin da ke cikin zauren nasu yana ganin amsoshinta, da shugabar matan da ta buɗe zauren. Na ce ta haɗa da misalai uku a shafi ɗaya. Ta kawo biyu da kaji suka warke. Na ce na ukun ya zama wanda ta ce ba ta sani ba, ta tura matar wurin likita.

Ta ce, "Haba Malam, wannan ai tona wa kai asiri ne."

Na ce in mai ɗaukar aikin ya san kiwo, wannan zai fara karantawa. Ba ta gamsu ba, amma ta bar shi a ciki, ta tafi bugawa.